Kafin ka ce "na saya": Wa zai gaya maka ainihin kuɗin gidan?

A tsakiyar hunturu ne ƙanina ya goya ni a babur zuwa wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano, don in ga gidan da ya ƙwallafa rai a kai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tari: adashin wurin aiki, kuɗin wata gona da ya gada ya sayar, da abin da matarsa ta ƙara masa bayan ta rabu da sarƙarta ta zinare. Gidan ɗaki uku ne da falo, tsakar gida shafe da siminti, ga rijiya a kusurwa. Fenti sabo fil, warinsa ma bai gama fita ba. Dillali yana gaba da tarin makullai, yana buɗe ƙofa yana yi wa kowane ɗaki kirari.

"Malam, don dai kai ne," in ji shi. "Akwai wani Alhaji da ya ce gobe bayan Azahar zai turo kuɗi."

Mai gida ya sa naira miliyan 24. Ƙanina ya juyo ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Na ce gida ya yi kyau. Iyakar sanina ke nan. Ko gidan ya kai miliyan 24, ko bai wuce 18 ba, ni da shi duk makafi ne. Mutum biyu ne suka san gaskiyar kuɗin: mai gida, wanda ke son ya sayar da tsada, da dillali, wanda la'adarsa ke ƙaruwa duk lokacin da kuɗin ya ƙaru. Babu ko mutum ɗaya a tsakar gidan nan da zai samu wani abu idan ƙanina ya fasa.

Wannan shi ne halin da kusan duk mai sayen gidan fari yake samun kansa. Mutumin da ba zai sayi ragon layya ba sai ya zagaya kara sau biyu, ya taɓa ƙugu ya duba haƙori, shi ne zai zuba tarin shekara goma a gida bayan ya gan shi sau biyu, da rana, da rani. Tambayar da na ga tana raba kan mutane ita ce: shin ya dace ya ƙara kashe kuɗi ya ɗauko ƙwararren mai kimanta gida, ko kuwa wannan almubazzaranci ne irin na 'yan boko?

Da can, tambayar ba ta taso ba. Mutum a unguwarsu yake saye, ko a ta kusa. Mai unguwa ya san tarihin kowane soro, ya san nawa aka sayar da na maƙwabci, ya san gidan da ruwa ke shiga. Yanzu kuwa ɗan Fagge ko Yakasai a Ɗanbare yake neman gida, ko Janguza, ko Mariri, ko Jaba, inda bai san kowa ba, inda shi kansa mai unguwar bai san rabin mutanensa ba. Ga kuma farashi da ya daina tsayawa wuri ɗaya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A farkon shekarar 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da yawa, alhali shekara ɗaya kafin nan bai kai 5,000 ba. Tun daga lokacin kowane mai gida ya samu hujjar da ba a iya musawa da baki: "Ka san nawa siminti yake yanzu?" Har wanda ya gina nasa tun siminti yana naira dubu biyu, kuma ya gauraya shi da yashi fiye da ƙima.

Wane ne mai kimantawa?

Sana'a ce da doka ta san da ita, kodayake da yawanmu ba ma jin sunanta sai gwamnati za ta fasa hanya ana maganar diyya. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Nijeriya, NIESV, an kafa ta a 1969. Hukumar da ke yi musu rajista, ESVARBON, dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ce ta samar da ita. Wanda hukumar ta yi wa rajista yana da lamba, da hatimi da tambarin da yake bugawa a kan rahotonsa, kuma idan ya yi maguɗi akwai inda za a kai ƙararsa. Ana karanta fannin a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da wasu makarantun. Ke nan ba sai an je Legas ko Abuja neman su ba.

Mutane suna rikita shi da wasu masu sana'a uku. Safiyo shi ne mai awon fili da kafa duwatsun iyaka. Injiniya shi ne mai gaya maka ko ginin zai ɗauki bene, ko tsagar da ke bango ta kai harsashi. Lauya shi ne mai bin diddigin takardu. Shi mai kimantawa tambaya ɗaya yake amsawa: idan aka kai gidan nan kasuwa yau, ba mai sayarwa a matse ba, ba mai saye a gigice ba, nawa zai yi? Sai dai kafin ya kai ga wannan adadi dole ya leƙa aikin sauran ukun, kuma a nan ne rabin amfaninsa yake.

Wanda ƙanina ya ɗauko, bayan gardama mai tsawo da ni da kuma wani abokinsa ma'aikacin banki, mutum ne marar yawan magana. Ya zo da tef ɗin awo, da ɗan littafi, da yaro ɗaya. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne bai shiga gidan ba tukuna. Sai da ya taka layin daga farko zuwa ƙarshe, ya tsaya inda kwata ta ƙare babu inda ta zuba, sannan ya kira mu ya nuna mana katangar maƙwabci, wadda ba a yi wa fenti ba. Wani layi ne baƙi-baƙi a jikinta, ya kai gwiwar mutum, miƙe kamar an ja shi da rula. Ya ce nan ruwa yake tsayawa a watan Agusta. Da muka shiga, ya sa ɗan makulli ya kankare ƙasan bangon falo kaɗan. Filasta ta zubo kamar gari, ga farin gishiri a ƙarƙashi. Ya hau tsani ya ɗaga silin ɗaya ya haska fitilar waya: katako biyu gara ta fara ci. Ya auna tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai, ya rubuta, bai ce komai ba. Dillali dai yana ta faɗin cewa duk unguwar haka take.

Gaskiya ya faɗa. Duk unguwar haka take, kuma shi ya sa kuɗin gidajenta bai kai yadda aka sa ba.

Yadda ake fitar da adadin

Hanya ta farko, wadda aka fi dogara da ita a gidan zama, ita ce kwatance. Mai kimantawa zai nemo gidaje uku ko huɗu masu kama da wannan da aka sayar kwanan nan a yankin, kuɗin da aka biya a zahiri, ba wanda aka fara sawa ba. Daga nan ya yi ta ragi da ƙari: wancan yana bakin titi, wannan yana lungu, wancan filinsa ƙafa 50 da 100 ne, wannan 50 da 50, wancan yana da takardar gwamna, wannan awon igiya ne. Hanya ta biyu ita ce lissafin gini: kuɗin fili a yau, a haɗa da abin da za a kashe a sake gina irinsa, a cire tsufa da lalacewa. Ta uku ita ce haya: nawa gidan zai kawo a shekara, kuma shekara nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. A ce gida na miliyan 24 ne, amma hayarsa ba ta wuce dubu 700 a shekara ba. Sama da shekara 34 ke nan kafin ya biya kansa. Wannan lissafin ko ɗan firamare zai iya, kuma ya kamata kowane mai saye ya yi shi tun kafin ya kira kowa.

Dole a faɗi rauninsu. A ƙasar nan babu wata rajista a buɗe da mutum zai duba ya ga nawa aka sayar da gidan da ke bayan layi. Cinikin gida sirri ne, kuma sananne ne cewa wasu suna rage kuɗin a takarda don kada cajin gwamnati ya yi musu nauyi. Saboda haka mai kimantawa da kundinsa yake aiki, da abokan sana'arsa, da kuma dillalan nan dai. Wanda ya shekara ashirin yana aiki a Kano zai iya yin kuskure babba a Gusau. Idan za ka ɗauka, ɗauki ɗan gari, kuma ka nemi ya rubuta gidajen da ya yi kwatance da su. Rahoton da ya zo da adadi tsurarsa, babu bayanin inda aka samo shi, bai fi maganar dillali ba sai da hatimi.

Ba kuma zagin dillalai nake yi ba. Akwai dattawa a cikinsu da suka fi wani mai digiri sanin ƙasa, waɗanda za su ja ka gefe su ce kada ka saya. Matsalar tsarin ce. La'ada kaso ce daga kuɗin ciniki, ba a samunta sai an ce "na sallama". Sau da yawa kuma ba dillali ɗaya ba ne: wannan ya kira wancan, wancan ya kira na uku, kowa ya ɗora nasa, har ya zama kuɗin da ya iso kunnenka ba shi ne wanda ya fito daga bakin mai gida ba. Mai kimantawa shi kaɗai ne a cikin sahun da za a biya shi ko an yi ciniki ko an fasa. Amma ko shi, tun da wasu suna caji ne bisa kaso na darajar gidan, gara ku yanke kuɗin aikin tun kafin ya ga gidan, kuma kai ka biya shi da hannunka. Wanda mai gida ko dillali ya kawo maka, ka gode masa ka nemi naka.

Gini da takarda

Babban abin da ke raba kuɗin gidaje biyu masu kama ɗaya a layi ɗaya ba tayil ba ne, takarda ce. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda galibi shekara 99 ake rubutawa a takardar shaidar mallakar gidan zama. Sashe na 22 na dokar ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan izini sai da amincewar gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewar. Akwai wani abu a dokar da masu saye ba su cika sani ba: idan gwamnati ta karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta tsadar unguwa ba. Wanda ya biya miliyoyi saboda "wurin yana da kyau" zai iya wayar gari ana lissafa masa bulo da kwano.

Kanawa ba sa buƙatar a tuna musu da watan Yunin 2023, lokacin da aka rushe shagunan da ke jikin filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. Da yawa daga cikin masu wuraren suna riƙe da takardu. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan taƙaddama, darasin mai saye ɗaya ne: tarihin fili yana cikin kuɗinsa. Haka ma ruwa. Bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, babu mai sayen gida a Maiduguri da ba ya tambayar inda ruwa ya tsaya. A Kano kuwa tambayar ita ce ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara.

Shi ya sa nake ganin kada kimantawa ta zama matakin farko. A fara da binciken takarda a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Idan fayil ɗin bai dace da sunan mai sayarwa ba, ko gidan yana jingine a banki, ko ya hau kan hanyar da aka tsara, magana ta ƙare, ba sai an ɓata kuɗin awo ba. Idan gidan awon igiya ne, wanda takardarsa ba ta wuce yarjejeniyar ciniki da sa hannun mai unguwa da dagaci ba, to a san cewa abin da ake saye ke nan, a kuma biya kuɗin da ya dace da shi.

Gidan gado kuwa sai an ƙara natsuwa. Yawancin gidajen da ke fitowa kasuwa a tsofaffin unguwanni na magada ne, kuma wanda ya kawo maka makulli ba lallai ne yana magana da yawun kowa ba. Akwai 'yar'uwa da ke aure a wani gari, akwai maraya da bai balaga ba. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya mai saye kuɗinsa su karɓe. A nan rahoton mai kimantawa yana kare kowa: mai saye yana da shaidar cewa bai yi wa marayu wayo ba, magada kuma ba za su zargi babban wansu da cewa ya karyar da gidan ubansu ba.

Idan da banki a ciki

Wanda zai sayi gida da rance ba shi da zaɓi. Asusun Gidaje na Ƙasa, da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci dominsa, yana ba da rance ta bankin FMBN a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, har zuwa shekara 30, kuma rahoton kimantawa yana cikin takardun da ake nema. Masu guje wa ruwa da ke zuwa bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, su ma za su tarar banki ba zai sayi gida ya sayar musu da riba ba sai ya san darajarsa. Haka wanda zai yi amfani da damar da hukumar fansho ta buɗe a 2022, ta cirar har kashi 25 cikin ɗari na asusunsa don biyan kason farko na rancen gida.

Sai dai a gane, wannan rahoton na banki ne, ko da kai ka biya kuɗinsa. Damuwar banki ita ce nawa zai samu idan ka kasa biya aka yi gwanjon gidan. Shi ya sa za ka ga adadi biyu a ciki: kuɗin kasuwa, da kuɗin sayarwar dole, wanda yake ƙasa da na farko. Idan kimar ta gaza kuɗin da kuka daidaita da mai gida, banki ba zai cike giɓin ba, kai za ka nemo. Wasu a nan suke roƙon mai kimantawa ya "taimaka" ya ɗaga adadin. Amurka ta ɗanɗana wannan taimako: kumbura darajar gidaje a takarda yana cikin abubuwan da suka haifar da rugujewar kasuwar gidajenta a 2008, har dokar da suka yi a 2010 ta tsaurara hana masu ba da rance matsa wa masu kimantawa lamba. Wanda aka ɗaga wa adadi bashin da ya fi gidansa aka ɗora masa.

Akwai inda ni ma zan ce a bar kuɗin a aljihu. Idan ɗan fili ne ko ƙaramin gidan ƙasa a unguwar da aka haife ka, ka san wanda ya gina, ka san nawa aka sayar da na kusa da shi watan jiya, to tsohon magini amintacce da dattijo ɗaya sun ishe ka. Haka gidajen rukuni da gwamnati ke sayarwa a kan farashi ɗaya, inda ba a tayi. Can injiniya ya fi amfani. Amma idan unguwar baƙuwa ce, kuɗin kuma shi ne duk abin da ka mallaka, ko aka ce maka sai yau ko gobe, to ban ga hujjar ƙyashin kuɗin aikin da bai kai la'adar dillali ba.

Bayan kwana biyar rahoton ƙanina ya fito, shafi tara da hotuna. Miliyan 19 da rabi. An lissafa gyaran rufi, da sake filastar ƙasan bango, da ɗaga dokin ƙofa, an kuma ba da shawarar kada a sha ruwan rijiyar. Ya kai wa mai gida, ya taya a kan haka. Mai gida ya ce albarka, har da fushi, wai an kawo masa ɗan boko ya raina masa gini. Dillali ya daina ɗaga waya. Mako uku ƙanina yana zargina da cewa na sa ya yi asarar gida.

Wata ranar Laraba dillalin ya kira da kansa. Alhajin da zai turo kuɗi bayan Azahar dai har yau bai turo ba. Aka zauna a zauren mai unguwa, aka daidaita a miliyan 21. Na ce masa, "Ka fa san ka ɗora miliyan ɗaya da rabi a kan abin da aka kimanta." Ya ce, "Na sani, Yaya. Tafiyar minti goma ce zuwa wurin Hajiyarmu, kuma makarantar yara tana bayan layi. Wannan nake saye." Ban ƙara cewa komai ba, don wannan ba ya cikin abin da tef yake aunawa. Kafin damina ya sa aka ɗaga ƙofar da bulo biyu, shi da maƙwabta kuma suka haɗa kuɗi aka ja kwatar zuwa babban lambatu.

Mai karatu, idan kana da gidan da kake zagayawa yanzu, kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta a takarda cewa za a mayar maka da kuɗinka idan bincike ya nuna matsala. Ka nemi lambar rajistar duk wanda ya ce maka shi mai kimantawa ne. In kuma da hali, ka koma ka ga gidan a watan Agusta, da safe, bayan an kwana ana ruwa.